Babban Baƙi a Sunayen Yaƙe-yaƙe da Yankunan Duniya a Turanci: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya yi firamare ya san ana buɗe jimlar Turanci da babban baƙi, haka ma sunan mutum da na gari. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Inda ake tuntuɓe shi ne kalmomi irin su “war” da “north” da “western”, waɗanda za ka gan su da babban baƙi a wannan shafi, ka juya ka tarar da su da ƙarami, kuma duka biyun daidai ne. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu rubuta kundin kammala karatu da 'yan jarida da masu fassara suka fi yawan yi.

Akwai ƙa'ida ɗaya da mutum zai riƙe, ko sai ya haddace kowane suna?

Akwai, kuma ita ce uwar sauran. Kafin ka ɗora alƙalami ka tambayi kanka: abin nan da zan rubuta sunan yanka ne na abu guda tilo, ko kuwa siffanta shi kawai nake yi? Suna shi ke ɗaukar babban baƙi, siffantawa kuwa ƙarami. A unguwarku akwai dogayen mutane da yawa, amma Dogo ɗaya ne, mai shayin bakin titi wanda tsawonsa ya zame masa suna har yara ba su san na yankansa ba. To haka “a civil war” yake nufin kowane yaƙin basasa a ko'ina aka yi shi, shi kuwa “the Nigerian Civil War” ɗaya ne tak, wanda aka fara ranar 6 ga Yulin 1967 aka ƙare ranar 15 ga Janairun 1970. Kalmar “south” kudu ce kawai, amma “South Sudan” ƙasa ce mai tuta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Wahalar ita ce akwai masu tsaka-tsaki, sun fara zama suna amma ba su gama ba. A kansu ne gidajen jaridu da kamfanonin ɗab'i suke saɓawa, kowa da littafin ƙa'idojinsa.

Yaya ake rubuta yaƙe-yaƙen duniya guda biyu?

Amurkawa sun fi rubuta “World War I” da “World War II”, da lambar Romawa. Turawan Birtaniya sun fi sabawa da “the First World War” da “the Second World War”. BBC tana da nata, wato “World War One” da “World War Two”. Kowanne ka ɗauka, manyan kalmomin da babban baƙi suke, “the” ɗin da ke gaba kuma ƙarami, sai fa idan shi ya buɗe jimla. Abin da ba a so shi ne ka fara babi da “World War II”, ka zo tsakiya ka koma “the Second World War”, ka ƙare da “World War 2”. Wannan na ƙarshen ya cika intanet, amma edita mai lura ba ya barinsa ya wuce.

Kafin 1939, sunan da aka fi sanin yaƙin 1914 zuwa 1918 da shi shi ne “the Great War”, kuma har yau idan ana nufin sa da manyan baƙaƙe ake rubutawa. Idan ka rubuta “a great war” ka ce wani babban yaƙi ne kawai.

Malam, amma na ga “second world war” da ƙananan baƙaƙe a wata babbar jaridar Ingila. Kuskure suka yi?

Ba kuskure ba ne, salon gidansu ne. Jaridar The Guardian da mujallar The Economist duk suna rubuta “first world war” da “second world war” da “cold war” da ƙananan baƙaƙe. The Guardian tana rubuta “the Vietnam war”, ta ba sunan ƙasar babban baƙi ta bar “war” da ƙarami, har “west Africa” take rubutawa. A ganinsu yawan manyan baƙaƙe yana cika wa mai karatu ido ba tare da ya ƙara masa fahimta ba.

Shawarata ga ɗalibi ita ce kada ya kwaikwaye su. Manyan littattafan ƙa'idar da jami'o'i da masu ɗab'i suke komawa gare su, wato The Chicago Manual of Style da Jami'ar Chicago take fitarwa tun 1906, da AP Stylebook na kamfanin dillancin labarai na Associated Press, da New Hart's Rules na Oxford, duk babban baƙi suke ba waɗannan yaƙe-yaƙe. Malamin da zai duba takardarka ma da shi ya saba. In ka ce masa ai a The Guardian ka gani, zai ce maka to ka je can su ba ka maki.

Idan na ambaci yaƙin sau ɗaya, daga baya na ce “the war” kawai, da wane baƙi zan rubuta?

Ƙarami. Duba wannan: “My grandfather fought in the Second World War. After the war he returned to Zaria.” A jimlar farko cikakken suna ne, a ta biyu ishara ce kawai. Haka ake yi wa “the battle” da “the treaty” da “the revolution” idan sun tsaya su kaɗai. Za ka rubuta “the Treaty of Versailles” na 1919, amma a layi na gaba sai ka ce “the treaty”.

Akwai wani togo. Ba'amurke idan ya rubuta “the Civil War” ba tare da ya faɗi ƙasa ba, nasu yake nufi na 1861 zuwa 1865, domin a wurinsu gajeren sunan ma ya zama suna. Baturen Ingila kuma zai iya rubuta hakan yana nufin nasu da aka fara a 1642. A jaridun Najeriya za ka ga “the Civil War” za ka kuma ga “the civil war”, duka ana nufin na 1967. Idan 'yan gida kake rubuta wa, ɗauki ɗaya ka tsaya a kansa. Idan kuwa takardar za ta fita waje, ka fara da cikakken sunan, don kada mai karatu a Amurka ya ɗauka Abraham Lincoln ake magana.

Idan yaƙe-yaƙen biyu ne ko fiye fa?

“World Wars I and II” da manyan baƙaƙe, domin sunaye biyu aka haɗe. Amma “the two world wars” ko “both world wars” da ƙanana.

Ƙananan kalmomin da ke tsakiyar suna, da alamomin rubutu, yaya ake yi da su?

Irin su “of” da “the” da “and” ba sa ɗaukar babban baƙi a tsakiyar suna: “the War of 1812”, “the Wars of the Roses”, “the Battle of the Bulge”. Sai kuma wani ɗan abu da ake yawan mantawa, wato waƙafin sama da ke bayan “Years”: “the Hundred Years' War” tsakanin Ingila da Faransa daga 1337 zuwa 1453, “the Thirty Years' War” daga 1618 zuwa 1648, “the Seven Years' War” daga 1756 zuwa 1763. Wanda ya iya lissafi zai ga na farkon shekara 116 ya yi, amma suna ya riga ya zauna, ba a gyara shi. Shi kuwa yaƙin Larabawa da Isra'ila na watan Yunin 1967 karan ɗori yake ɗauka, “the Six-Day War”, kuma D ɗin babba ne.

Babban baƙi ba ya nuna ka goyi bayan wani ɓangare. Yaƙin 1973 Isra'ilawa da yawancin Turawa suna kiransa “the Yom Kippur War”, Larabawa kuma “the October War” ko “the Ramadan War”. Rashawa suna kiran nasu fafatawar da Jamus daga 1941 zuwa 1945 “the Great Patriotic War”. Namu ma wasu “the Biafran War” suke cewa. Zaɓin suna shi ke tona inda marubuci ya karkata, amma kowanne ya zaɓa da manyan baƙaƙe zai rubuta shi.

Yaƙe-yaƙen tarihinmu na ƙasar Hausa fa, su ma haka?

Haka. Idan gumurzun yana da sunan da masana tarihi suka san shi da shi, sai a yi masa yadda ake yi wa “the Battle of Hastings” na 1066 ko “the Battle of Waterloo” na 1815. Saboda haka “the Battle of Tabkin Kwatto” na 1804, inda jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka yi galaba a kan rundunar Yunfa Sarkin Gobir, da “the Battle of Burmi” na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, duk B babba suke ɗauka. Amma idan ka ce “the fall of Alkalawa in 1808” ko “the British attack on Kano in February 1903”, ba ka kira suna ba, labari ka bayar, don haka “fall” da “attack” ƙanana ne.

Kalmar “jihad” ƙarama ce idan ana maganar jihadi gaba ɗaya. A “the Sokoto Jihad” kuwa marubuta da dama suna ba ta babba, wasu kuma su bar ta ƙarama. Haka basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa: za ka gan ta a littattafai a matsayin “the Kano Civil War”, za ka kuma gan ta “the Kano civil war”. Ni na fi karkata ga babba, domin a tarihin Kano idan aka ce Basasa kowa ya san wadda ake nufi, ba a tambayar wacce.

Kakanninmu da suka je Bama a lokacin da tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi, kuma ana rubuta rundunar da ta tattaro su “the Royal West African Frontier Force”, kowace kalma da babban baƙi tun da sunan hukuma ne. Fagen da suka yi yaƙin kuma an fi rubuta shi “the Burma campaign”, da c ƙarami. Ayyukan soja masu laƙabi kuwa babu gardama a kansu: “Operation Barbarossa” na 1941, “Operation Desert Storm” na 1991, “Operation Lafiya Dole” wanda aka sauya wa suna zuwa “Operation Hadin Kai” a 2021.

Yaƙin da ake cikin yi yanzu, wanda bai ƙare ba?

A nan ƙaramin baƙi ya fi aminci. Suna ba ya zama sai an daɗe ana kiransa, kuma yawanci sai bayan ƙura ta lafa ake daidaitawa a kan ɗaya. Shi ya sa kamfanonin labarai suke rubuta “the war in Ukraine”, da “the war in Sudan” ga wanda ya ɓarke a Afrilun 2023, da “the Boko Haram insurgency” ga rikicin da ya taso tun 2009. Sunan ƙasa ko na ƙungiya yana riƙe babban baƙinsa, “war” da “insurgency” da “conflict” da “crisis” kuma su zauna ƙanana. Ko “the war on terror” da George W. Bush ya shelanta a 2001, 'yan jarida da yawa da ƙananan baƙaƙe suke rubuta shi, wasu har su sa shi cikin alamar zance don su nuna kalamansa ne ba nasu ba.

“Cold War” ko “cold war”?

Idan zaman doya da manjan da aka yi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ake nufi, wanda ya kawo ƙarshe da rushewar Tarayyar a 1991, “the Cold War”. Idan gwamna da mataimakinsa ne ba sa ga maciji, “a cold war between the governor and his deputy”. Irin wannan ne bambancin “the Crusades” na tarihi da “a crusade against corruption”, da kuma “the French Revolution” na 1789 da “a revolution in farming”.

Kalmomin kafin yaƙi da bayan yaƙi?

“Prewar” da “postwar” da “interwar” ƙanana ne a tsakiyar jimla, wasu gidajen kuma suna sa musu karan ɗori, “post-war”. Idan aka jingina su da cikakken suna sai ɗafin ya zauna ƙarami sunan ya riƙe nasa: “post-World War II Europe”.

Mu koma kan yankuna. Yaushe “north” take zama “North”?

Idan hanya kake nunawa ko kusurwa, ƙarami: “Katsina is north of Zaria”, “they drove east”, “the wind blows from the north-east”. Idan kuwa yanki ne sananne wanda mutane suke kira da wannan sunan, babba: “the North will vote differently from the South”. Gwajin da ke aiki shi ne ka duba ko kalmar tana amsa “ta ina?” ko tana amsa “wane wuri?”. A Amurka “the South” da “the Midwest” da “the West Coast” sunayen yankuna ne, har mutum zai iya tafiya “south” na awa goma bai shiga “the South” ba, idan daga Seattle ya tashi ya nufi Kalifoniya.

To “Northern Nigeria” ko “northern Nigeria”? Kullum ina ganin duka biyun.

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafarmu, kuma amsarta tana cikin tarihi. An taɓa yin wani yanki na mulki mai wannan suna. Turawa sun kafa “the Protectorate of Northern Nigeria” a 1900 ƙarƙashin Lugard, aka haɗe shi da Kudu a 1914, daga baya aka sami “the Northern Region” wadda Sardauna Ahmadu Bello ya yi wa Firimiya daga 1954 zuwa 1966. A watan Mayun 1967 Yakubu Gowon ya rushe yankunan ya ƙirƙiro jihohi 12. Saboda haka wanda ke rubutu a kan zamanin En'e da Sardauna, “Northern Nigeria” da N babba zai rubuta, domin sunan gwamnati ne mai majalisa da hedikwata a Kaduna. Wanda kuma ke rubutu a kan noman rani ko zazzaɓin cizon sauro a jihohi 19 na yau, ƙa'idar AP da Chicago ta fi karkata ga “northern Nigeria”, kamar yadda suke rubuta “northern France” da “eastern Canada”. Jaridun cikin gida da yawa suna ba ta babba ko a maganar yau, domin a wurinsu Arewa ba ta daina zama suna ba. Ba zan ce sun yi laifi ba. Amma mai kundin tarihi ya kamata ya raba biyun, domin da harafi ɗaya zai nuna wa mai karatu ko kafin 1967 yake magana ko bayanta.

Shiyyoyin siyasa shida kuwa babba ake ba su: “North West”, “North East”, “North Central”, “South West”, “South East”, “South South”, wasu da karan ɗori wasu babu. A nan akwai tarko ga ɗalibin tarihi. Daga 1967 zuwa 1976 an yi jihohi masu suna “North-Western State” mai hedikwata a Sakkwato, da “North-Eastern State” a Maiduguri, da “North-Central State” a Kaduna. Kadunan da ta kasance hedikwatar “North-Central State” yau tana cikin shiyyar “North West” tare da Kano, Katsina, Jigawa, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. In ka sauke kalmar “State” ka rikita mai karatu.

'Yan'uwanmu na Gana su ma suna da irin wannan. “Northern Region” yanki ne na mulki har yau, hedikwatarsa Tamale. Amma “northern Ghana” ta fi shi faɗi, ta haɗa da “Upper East” da “Upper West” da “North East” da “Savannah”. Mutumin Bawku ɗan “northern Ghana” ne, amma ba ɗan “Northern Region” ba ne. A Kamaru ma Marwa tana “Far North Region”, Garwa tana “North Region”, dukkansu kuma suna “northern Cameroon”. Maraɗi da Damagaram kuwa “southern Niger” suke da s ƙarami, tun da babu wani yankin mulki mai wannan suna.

Akwai wuraren da harafin kaɗai yake sauya ma'ana gaba ɗaya?

Da yawa. “South Africa” ƙasa ce, “southern Africa” kuwa yanki ne da ya haɗa da Botswana da Namibiya da Lesotho da maƙwabtansu. “South Sudan” ta samu 'yanci ranar 9 ga Yulin 2011, kuma tun daga ranar “southern Sudan” ta koma nufin kudancin abin da ya rage wa Khartoum. “Western Sahara” yanki ne da Maroko da ƙungiyar Polisario suke jayayya a kansa, “the western Sahara” kuwa yammacin hamada ne kawai. “West Virginia” jiha ce da ta ɓalle a 1863, “western Virginia” kuma tana cikin jihar da aka bari. “East Germany” ƙasa ce daga 1949 zuwa 1990, yau sai dai “eastern Germany”. Wanda ya fi ban sha'awa shi ne na tsibirin Ayalan: wurin da ya fi kowanne nisa zuwa arewa a tsibirin, Malin Head, ba ya cikin “Northern Ireland”, yana cikin Jamhuriyar da ake yi wa kallon ta kudu.

Masu karanta tarihin Afirka kuma za su ci karo da “the Central Sudan” da “the Western Sudan”. Waɗannan ba su da alaƙa da ƙasar Sudan ta yau. Tsofaffin sunaye ne da masana suka ɗauko daga Bilad as-Sudan na Larabawa, kuma ƙasar Hausa da Borno a “the Central Sudan” suke.

Manyan yankunan duniya fa?

Waɗanda suka zauna da gindinsu babba ake ba su: “West Africa”, “East Africa”, “North Africa”, “the Middle East”, “Southeast Asia”, “Central Asia”, “Latin America”, “the Horn of Africa”, “the Sahel”, “the Maghreb”, “the Balkans”, “the Niger Delta”, “the Middle Belt”, “Hausaland”. Ka lura da “sub-Saharan Africa”: s ɗin farko ƙarami, na Sahara babba. Turai ce take da rigima. Ana rubuta “Western Europe” da “Eastern Europe” idan rabuwar siyasa ta zamanin Yaƙin Cacar Baka, wato “the Cold War”, ake nufi, sai “western Europe” da “eastern Europe” idan maganar ƙasa da yanayi ce. “The equator” da “the tropics” ƙanana ne a yawancin gidaje, amma “the Tropic of Cancer” babba.

“The West” da “Western” da “Northerner”?

Idan ana nufin ƙasashen Yamma a siyasa da al'ada, “the West”, “Western countries”, “Western education”. Wannan na ƙarshen, wato karatun boko, ɗalibanmu suna yawan rubuta shi da w ƙarami, kuma yawancin editoci za su mayar da shi babba. Iska kuwa ba ta da siyasa, “a westerly wind” ce. Mutumin yanki ya danganta da gida: wasu gidajen suna ba “Northerner” da “Southerner” babba ne a maganar yaƙin basasar Amurka, su bar su ƙanana a sauran wurare, jaridun Najeriya kuma sun fi son babba.

Koguna, tafkuna da jihohi?

Idan kalmar gama-gari tana cikin sunan, babba: “Lake Chad”, “the Gulf of Guinea”, “the Jos Plateau”, “Kano State”. Kogin Kwara Turawan Ingila “the River Niger” suke cewa, Amurkawa “the Niger River”, R babba a duka biyun. Ita kaɗai kuwa ƙarama: “the lake is shrinking”, “the state has many dams”. Idan biyu aka haɗa sai gidaje su rabu. AP tana rubuta “the Niger and Benue rivers”, Chicago a bugunta na baya-bayan nan tana ba R ɗin babba. Wannan ba abin da za a ɓata dare a kansa ba ne.

Yaushe “the” take ɗaukar babban baƙi a tsakiyar jimla?

Da wuya. “the Netherlands”, “the Philippines”, “the United States”, “the Sahara”, duk ƙarama. Birnin “The Hague” shi ne togon da kowa ya yarda da shi. Gwamnatocin Gambiya da Bahamas suna rubuta “The Gambia” da “The Bahamas” a takardunsu, kuma kyautatawa ce ka bi su, ko da yake wasu jaridu suna ƙaramta ta. Yukiren kuwa tun bayan 'yancinta a 1991 aka daina sa mata “the” gaba ɗaya.

Ni a Nijar na yi karatu da Faransanci. Me zan kiyaye?

Faransanci ya fi Turanci rowar babban baƙi, don haka hannunka zai riƙa ja zuwa ƙarami. Kun saba da “la guerre du Biafra” da “la guerre de Cent Ans” da g ƙarami, da “la Seconde Guerre mondiale” inda kalmar ƙarshe take ƙarama. A Turanci duk manyan kalmomin sunan ake ɗagawa. Babban abin lura shi ne sifar ƙasa da sunan harshe da na wata. Inda kake rubuta “l'armée nigérienne”, Bature “the Nigerien army” yake rubutawa, haka “Hausa” da “French” da “January” kullum babba. Wanda ya tashi da allo da ajami kuwa matsalarsa daban ce: Larabci ba shi da babban baƙi sam, sai ya koyi abin daga tushe, kuma sau da yawa irinsa ya fi saurin kamawa tun da babu tsohuwar al'adar da zai kankare.

Me ya sa tsofaffin takardun Turanci suke cike da manyan baƙaƙe?

A ƙarni na 17 da na 18 marubuta da masu ɗab'i a Ingila suna ba sunaye gama-gari da yawa babban baƙi, kusan yadda Jamusanci yake yi har yau. Kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 shaida ne, inda “People” da “Order” da “Justice” duk suka zo da babba a jimlar farko. Al'adar ta ja baya kafin ƙarni na 19 ya yi nisa, amma ɓurɓushinta ya daɗe a takardun gwamnati da na lauyoyi, kuma daga rahotannin Razdan da Di'o ta shigo ofisoshinmu. Shi ya sa har gobe za ka ga wasiƙar ma'aikata tana cewa “the Government has approved the Project for the Community”. Idan kana ɗauko zance daga tsohuwar takarda, ka bar shi yadda aka rubuta shi. A naka rubutun kada ka gaji wannan ɗabi'a.

A jarrabawa ko a kundin digiri, wanne zan bi?

A jarrabawar insha'in Turanci ta WAEC akwai makin da aka ware don tsabtar rubutu, kuma kuskuren babban baƙi yana cikin abin da ake cire maki a kansa. Ka bi tsohuwar hanya: cikakken sunan yaƙi babba, yanki sananne babba, kusurwa ƙarama. A jami'a kuma ka tambayi sashenku salon da suke bi tun kafin ka fara babi na ɗaya. In ba su faɗa ba, ka buɗe shafi guda a gefe ka jera yadda ka yanke za ka rubuta “northern Nigeria” da “the Sokoto Jihad” da “World War II”, ka riƙa duba shi. Kwamfuta ba za ta cece ka ba, domin mai duba rubutun Word yana karɓar “northern” yana karɓar “Northern”, bai san wacce kake nufi ba.

A jerin manazarta na ga an ƙaramta kusan duk taken littafi. Sunan yaƙi ma zan ƙaramta?

A'a. Salon APA, wanda sassan ilimi da na kimiyyar zamantakewa da yawa suke bi, yana rubuta taken littafi da na maƙala a jerin manazarta kamar jimla: kalmar farko babba, da wadda ta biyo bayan ɗigo biyu, sauran ƙanana. Amma sunan yanka yana nan da babban baƙinsa. Idan taken yana ɗauke da “Nigerian Civil War” ko “West Africa” ko “Lake Chad”, haka za ka bar su. Manhajojin da ke tsara manazarta, idan ka umarce su da su mayar da take zuwa tsarin jimla, sukan ƙaramta har da waɗannan, sai ka tarar da “west africa” da “world war ii” a jerinka. Bayan manhajar ta gama sai ka bi layi-layi ka mayar da su da hannu.